Azumin da Aka Kayar da Tasi'u a Fiziks

Azumin bana ya zo mana a tsakiyar bazara, irin zafin da tun da hantsi kwanon rufi ke fara ƙara shi kaɗai. Ranar Larabar da ta wuce na taso daga asibitin da nake aiki a Gwarzo wajen ƙarfe ɗaya, sai na tarar da 'yan makaranta sun cika gindin wata darbejiya a bakin titi, takardun tambayoyi a hannu, leɓuna a bushe, kowa na ɗaga murya. Wani ya miƙe yatsu uku yana murɗa hannu, wani na ce masa ba haka ba ne. Ban tambaya ba na san fiziks suka rubuta, kuma a kan lantarki da maganaɗisu ne. Kafin in sha kwana, wani dogo a cikinsu ya zaro wayar hannu daga aljihu ya latsa ya duba amsar, nan take musun ya mutu. Ni kuwa raina ne ya ɓaci, har na wuce mai ƙanƙara ban tsaya na sayi ta buɗa-baki ba. Shekara talatin da 'yan kai ke nan, amma abin bai huce mini ba.

Azumin waccan shekarar ma a bazara ya faɗo, sai dai ya same mu a kan yunwa. Daminar da ta gabace shi ruwa ya ɗauke dawa tana fitar da kai, abin da muka girba a Mainika bai kai rabin na kullum ba. Kafin a ga watan azumi, Baffa ya riga ya fara shiga cikin rumbu da ƙafafunsa don ya ɗebo, domin hannu ya daina kaiwa. Inna ta koma haɗa garin dawa da na rogo. Kunun buɗa-baki tsinkakke ne, daga tsamiya sai ruwa, kana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Shanunmu kuwa ƙanen Baffa ya kora su kudu tun da wuri, aka bar mana tsofaffin saniya biyu da ko ɗigon nono ba sa bayarwa. Mu da aka san gidanmu da fura da nono, muka yi wata guda ba mu ji ƙamshin kindirmo ba.

Rijiyar unguwarmu ta ja baya. A zura guga ya dawo da laka, sai a zauna a jira ruwa ya taru, mata na layi da tuluna har rana ta take. Ni aikina a tsare yake. Da an idar da sallar asuba in ɗaura wa jaki mangala, in kai taki gona sau biyu. In dawo in shafa ruwa rabin moɗa a fuska da ƙafa, in hau keke sai makaranta. Da an tashi, in tarar da Baffa a gona muna sassabe, muna tara kara muna ƙonawa, zafin wuta a gaba, na rana a baya. Bayan la'asar in ɗauki doguwar ƙugiya in kakkaɓo wa shanun 'ya'yan gawo. Karatu sai abin da ya samu tsakanin nan da kiran magariba, a lokacin da ido ke ganin layi ɗaya ya zama biyu.

Makarantarmu ta maza ce, ta jeka-ka-dawo, a kan hanyar Gwarzo zuwa Kabo. Ba zan faɗi sunanta ba. Muna aji biyar, mu talatin da biyu a ajin kimiyya. Akwai wani ɗaki da aka rubuta wa ɗakin gwaje-gwaje a ƙofa, amma abin da ke ciki karyayyun kujeru ne da jemagu. Mun yi shekara biyu muna karanta fiziks ba a taɓa miƙo mana ko guntun maganaɗisu mun riƙe ba. Da aka yi wa malamin fiziks ɗinmu canjin wurin aiki, sai aka ɗora wa Malam Ado darasin. Shi asalinsa lissafi yake koyarwa, kuma ya iya. Fiziks kuwa wani tsohon littafin rubutunsa na zamanin kwaleji yake zuwa da shi, ya juya mana baya ya kwafe a allo, mu ma mu kwafe, a buga ƙararrawa.

A cikin littafin nan ne ya kwafo mana ƙa'idar yatsu uku. Idan aka sa wayar da wuta ke bi a tsakanin maganaɗisu biyu, za ta motsa. Don ka san inda za ta nufa, sai ka miƙe manuniya daga arewacin maganaɗisun zuwa kudancinsa, yatsan tsakiya ya bi inda wuta ta nufa, babban yatsa kuma ya nuna maka inda wayar za ta yi. Malam Ado ya ce da hannun dama ake yi. Har ya yi mana raha, ya ce ai hagu ba ta aikin kirki. Muka yi dariya muka haddace.

Tasi'u ba ya nan a makon. Shi ne abokin zamana a benci, ɗan Masanawa, siriri mai ƙananan idanu, kullum faratansa da baƙin mai. Mahaifinsa, Malam Garba, yana da rumfar gyaran rediyo da fitilar keke da injin niƙa a Kabo. Makon nan zazzaɓi ya kwantar da tsohon, Tasi'u ya zauna a rumfa don a samu na cefane. Da ya dawo na miƙa masa littafina ya kwafa, ya ce in bar shi, wannan babin ya san shi, akwai wani yagaggen littafin koyon sana'a na babansa da yake dubawa.

Jarrabawar zangon nan ba irin ta kullum ba ce. Firinsifal ya sanar a asambuli cewa duk wanda bai kai maki hamsin a fiziks ba za a mayar da shi ajin adabi, ba za a yi masa rajistar kimiyya a jarrabawar fita ba. Ni burina aikin asibiti. Tasi'u kuwa injiniya yake so ya zama, kuma don wannan kaɗai babansa ya haƙura da hannunsa a rumfa a shekarar da kowane gida ke neman mai taimako.

Ran sha bakwai ga azumi muka rubuta. Ajinmu ba silin, kwano na zubo zafi a ka kamar an kifa mana tukunya. Gumi na ɗiga a takarda yana narkar da tawada. Babbar tambayar, mai maki ashirin, zane ce: arewacin maganaɗisu a hagu, kudanci a dama, waya a tsakiya, wuta ta nufi cikin takarda. A faɗi ƙa'idar, a faɗi inda wayar za ta motsa, a bayyana yadda wannan ke juya inji. Da na ɗaga kai sai na ga aji duka an ajiye biro ana murɗa hannun dama. Tasi'u kaɗai bai ajiye nasa ba, yana rubutu da dama, hagunsa a sama.

Da muka fito muka zube a inuwar katangar masallacin makaranta, don ita kaɗai ce inuwa mai sanyi. Babu mai ƙarfin tafiya gida a wannan rana. Bala monita, wanda ba ya barin jarrabawa ta wuce bai bi ta tambaya bayan tambaya ba, ya buɗe takardarsa.

"Ta ɗaya a canki-canka, na zaɓi ta uku."

"Ta uku ce," muka amsa.

"Ta bakwai fa? Wadda aka ce a ƙara yawan naɗin wayar koyil?"

"Ƙarfinsa zai ƙaru."

Haka muka yi ta bi, wani ya yi murna, wani ya dafe kai, har muka zo babbar tambaya. Bala ya ce, "Wannan kam sadaka ce. Sama."

"Sama," in ji kowa.

Tasi'u yana kwance rigingine, ya rufe fuska da takardarsa. Daga ƙarƙashinta ya ce, "Ƙasa."

Aka fashe da dariya, irin dariyar masu azumi, marar sauti sosai.

"Kai Tasi'u, yunwa ce ta juya maka takardar?"

Ya tashi zaune. "Da wane hannu kuka yi?"

"Da dama mana."

"Ai dama ta janareta ce, inda motsi ke haifar da wuta. Nan kuwa wuta ce ke haifar da motsi. Hagu ce."

Bala ya zaro littafinsa ya buɗe masa shafin. Ni ma na buɗe nawa. Mutum biyar suka tura masa rubutu iri ɗaya a gaban hanci. Tasi'u ya karanta a hankali, ya ɗago ya dube ni.

"Nasiru, haka ya rubuta muku?"

"Haka ya rubuta."

"To an juya. Wallahi an juya."

"Mu talatin da ɗaya da Malam duk mun ɓata, kai kaɗai ka san hanya?" in ji Bala. "Don kana kwance rediyon ƙauye?"

Tasi'u bai yi fushi ba. Ya ce, "Ba ni na ce ba, wayar ce za ta faɗa. Ku bari gobe."

Washegari ya zo da gwangwanin madara a ɗaure a bayan kekensa. A lokacin tara, a bayan aji, ya zazzage shi a ƙasa: maganaɗisu biyu da ya ciro daga matattun sifikun rediyo, batir huɗu na tocila a naɗe cikin takarda, guntayen waya, da siririn zirin takardar azurfa ta kwalin taba. Ya rataye kowane maganaɗisu da zare, muka jira ya daina lilo, fuskar da ta kalli arewa ya yi mata alama da alli. Ya kafa su a cikin ƙasa suna fuskantar juna kamar yadda aka zana a tambayar, ya ratsa zirin azurfar ta tsakaninsu, sako-sako. Ya sa muka tsaya ta gefen da mai karanta takarda zai tsaya, muka tabbatar komai ya yi daidai da zanen. Sannan ya haɗa wayar.

Zirin ya lotsa ƙasa.

Ya cire, ya sake haɗawa. Ƙasa. Bala ya ce iska ce. Tasi'u ya juya batir ɗin, zirin ya yi tsalle sama, ya mayar da shi yadda yake, ya koma ƙasa. Sau goma aka yi, kowa ya karɓa ya gwada da hannunsa. Ranar ce rana ta farko da na ga fiziks da idona, kuma na ji wani daɗi da ya mantar da ni ƙishirwa. Daɗin bai daɗe ba. Wani daga baya ya ce, a hankali, "Ke nan mu duka mun rasa ashirin?"

Kowa ya koma aji yana lissafin kansa.

Bayan kwana huɗu aka raba takardu. Na samu sittin da ɗaya. Tasi'u ya samu arba'in da uku, an ja jan biro tun daga saman babbar tambayar har ƙasa, an zagaye kalmar hagu sau biyu. Ya ɗauki takardarsa da gwangwaninsa ya nufi ofishin malamai. Muka bi shi daga nesa muka laɓe a jikin taga.

Ya durƙusa ya gaishe su, ya ce, "Malam, don Allah ina roƙon a sake duba mini wannan. Na zo da abin gwaji, minti biyu kawai."

Malam Ado bai ko dubi gwangwanin ba. "Wa ya koya maka hagu?"

"A littafin Baba na gani, Malam, kuma na gwada."

"Littafin Baba." Ya juya ga sauran malamai. "Kun ji fa. Makon da na koyar ba ya nan, yanzu ya zo da tarkacen bola zai koya mini aikina. Ni da baban naka wa ya je kwaleji?"

"Malam, ba raini ba ne. A bari wayar..."

"Fita ka durƙusa a fili. Ɗaga hannun hagun naka sama, tunda shi ka sani."

Ƙarfe sha biyu na rana, ran ashirin da biyu ga azumi. Yashin filin nan ko da takalmi ba ka iya tsayawa a kansa. Malamai shida ne a ofishin, biyu daga ciki kimiyya suke koyarwa, kuma akwai littafin fiziks na gwamnati a kulle a kabad ɗin firinsifal, taku goma daga inda suke zaune. Babu wanda ya tashi ya ɗauko. Wannan har gobe ba na iya fahimtarsa. Yaro mai azumi yana gasuwa a rana a kan maganar da buɗe shafi ɗaya zai raba, manya shida suna ta fifita da littattafan rajista.

Da firinsifal ya dawo daga inda ya je ya gan shi, ya tambayi dalili. Mutum ne mai son a ce yana da adalci. Ya sa aka taso da Tasi'u, gwiwoyinsa sun yi ja sun saɓule, aka shigo da shi ajinmu, Malam Ado na tsaye a bakin ƙofa. Firinsifal ya ce shi tarihi ya karanta, ba zai yi musun abin da bai sani ba, amma ga 'yan aji.

"Wannan yaro ya ce ya nuna muku gwaji, kun gani da idonku cewa Malam ya yi kuskure. Duk wanda ya gani ya ɗaga hannu. In gaskiya ne, za a sake duba takardun kowa."

Takardun kowa. Sittin da ɗaya a cire ashirin, na san abin da ya rage. Na tuna Baffa a cikin rumbu, na tuna yadda yake gaya wa mutane a masallaci cewa ɗansa zai yi aikin asibiti. Hannuna yana kan benci, na ji shi ya yi nauyi kamar turmi. Na kafa ido a kan wani suna da aka sassaƙa a jikin bencin. Ba wanda ya ɗaga hannu, ba ka jin komai sai ƙarar kwano.

"Babu?" in ji firinsifal. "To shi ke nan. Ka ba malaminka haƙuri."

Tasi'u ya ba da haƙuri. Ya dawo ya zauna kusa da ni, yana numfashi da baki. Da yamma a gida na kasa shan kunu. Inna ta taɓa goshina ta ce ko rana ce ta buge ni, na ce e.

Bayan hutun salla aka kira sunayen waɗanda aka mayar ajin adabi, mutum tara, har da Tasi'u. Bai zo ba ma. Malam Garba ya ce in dai ba za a koya masa inji ba, gara ya dawo inda injin yake. Ruwan farko ya sauka bayan makonni, muka yi shuka, ƙasa ta yi ƙamshi, shanu suka dawo. Sabon malamin fiziks da aka turo mana a aji shida, a makonsa na biyu ya ɗaga hannun hagu a gaban allo ya koya mana ƙa'idar daidai. Muka gyara a littattafanmu shiru, ba wanda ya kalli wani. Da hagun muka ci jarrabawar fita.

Shekara uku da suka wuce, Malam Ado ya zo asibitinmu awon hawan jini. Ya tsufa, ya yi furfura, jikansa na riƙe da shi. Ya gane ni, ya yi ta sa mini albarka, yana gaya wa mutanen layi cewa ɗalibinsa ne. Ina ɗaura masa abin awo a dantse, ban san lokacin da bakina ya ce, "Malam, ka tuna Tasi'u na Masanawa?"

Ya yi ɗan murmushi. "Mai gwangwani? Ai yaron nan shi ke da gaskiya. Tun ranar da yamma na duba littafi na gani."

Na tsaya da matsa robar. "Tun ranar, Malam?"

"Tun ranar. To amma ɗana, ya za a yi? In na amsa a gaban yara, wa zai sake saurarona? Kuma ai ku na duba. Mutum talatin da ɗaya za su faɗi saboda mutum ɗaya?"

Ya faɗe shi ne kamar wanda ke ba da labarin wata dabara da ya yi ta alheri. Ba dole sai mun faɗi jarrabawar ba, ai kuskuren nasa ne. Da ya soke tambayar, ko ya ba yaron makinsa a ofis ba tare da kowa ya ji ba, da an wuce wurin. Yana da mako biyu kafin a kira sunaye. Na rubuta masa magani, na raka shi har ƙofa, don haka aka tarbiyyantar da mu.

Ranar kasuwar Kabo na hau babur na je. Tasi'u yana nan a wurin babansa, sai dai rumfar ta zama shago, injinan ban-ruwa da fankoki jere har bakin hanya. Duk shekarun nan muna gaisawa a wurin biki ko jana'iza, amma ba mu taɓa tayar da maganar ba. Na tarar da shi yana naɗin koyil, gilashi a kan hanci. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi nasa, ya tambayi jikin Inna. Sannan na gaya masa abin da Malam Ado ya ce, kalma bayan kalma. Na zaci zai tashi tsaye.

Bai daina naɗin ba. "Ai na san ya sani," ya ce. "Mai lissafi ne, ba jahili ba."

"Ba ka ji haushi ba?"

"Na ji, na shekara da shekaru. Ina ganin injiniyoyin da ake turowa duba rijiyoyin burtsatse, wasu sai sun zo nan in nuna musu inda wutar ta tsaya. In sun tafi, sai in kasa cin abinci." Ya yanke wayar da fulaya, ya ajiye. Ya cire gilashin ya dube ni sosai. "Amma tunda ka zo da kanka, bari in tambaye ka. Da za a mayar da mu ajin nan yau, ka san duk abin da ka sani, za ka ɗaga hannu?"

Na buɗe baki in ce e. Sai aikina ya faɗo mini a rai, da gidan da na gina, da 'yata da ke karatun jinya a Kano. Na rufe bakin. Injin niƙan maƙwabcinsa na ta ruri.

Tasi'u ya gyaɗa kai a hankali, ya jawo wani benci da ƙafa ya turo mini.

"Zauna," ya ce. "Da ka amsa da sauri, da yau ne zan daina gaishe ka."